Bayan la'asar a Kilomita Biyar: matasan da ke koyar da ƙannensu ba albashi

Da an sallame la'asar kasuwar Mamadou Mbaïki ba ta tashi ba tukuna, amma akwai wani saurayi da kan janyo ƙyauren shagon yayansa rabi, ya damƙa wa yaron shago aljihun kuɗi, ya saɓa jaka ya faɗa lungu. Inda za shi ba nisa: zauren wani tsohon ɗan kasuwa ne da ya yi hijira zuwa Garoua-Boulaï a 2014 bai dawo ba, ya dai aiko da izini a yi amfani da wurin. Kafin ya iso yara sun riga sun shimfiɗa tabarmi. Ranar da na je na ƙirga wajen talatin, daga mai shekara bakwai har budurwar da ta isa a kai mata lefe. Allon bangon katako ne da aka shafa wa baƙin fenti, allin kuwa guntaye ne a cikin gwangwanin tumatir.

Ba wanda ya ɗauke shi aiki, ba kuma wanda ke biyan sa. Ya ci jarrabawar bakaloriya, ya yi shekara guda a Jami'ar Bangui, kuɗi suka yanke, ya dawo shago. Irinsa suna nan a lungunan Koudoukou, Ramandji da Gbaya-Dombia, maza da mata, wasu a zaure, wasu a barandar masallaci, wasu a ƙarƙashin mangwaro. Ƙungiyoyin waje suna kiran abin da suke yi aikin sa kai. Su kam a bakinsu sai dai ka ji an ce za a je yi wa yara bita.

Abin da ya fara kama ni a zauren nan shi ne harshe. Malam zai rubuta jimla da Faransanci, ya karanta, a yi shiru. Sai ya juya ta da Sango, rabin ajin ya gyaɗa kai. Ya sake da Hausa, wasu su ce “to!” Can gefe wata yarinya tana raɗa wa ƙanenta da Fulatanci, a bayanta kuma akwai biyu da gidansu Larabcin Chadi ake yi. Yaron Kilomita Biyar yakan tashi da harshen gida, da Sangon titi, da Larabcin allo, kafin ma ya taka lakwal. Wato ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Abin da ya rasa shi ne wanda zai tsaya ya shimfiɗa masa gada tsakanin waɗannan harsuna da Faransancin da ake yi masa jarrabawa da shi. A ajin gwamnati inda yara suka cika maƙil, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga, mushe ɗaya ba shi da wannan lokacin ko da yana so. Saurayin zaure yana da shi, domin shi ma ta wannan gadar ya bi.

Shekarun da suka ɓace

Duk wanda ya zauna a unguwar nan ya san labarin, amma sai an jera kwanakin ake gane girman ramin da aka bar wa yara. Ranar 24 ga Maris 2013 'yan Seleka suka shiga Bangui, François Bozizé ya tsere, Michel Djotodia ya hau. Ranar 5 ga Disamba na wannan shekarar 'yan Anti-Balaka suka afka wa birnin, Faransa ta ƙaddamar da rundunar Sangaris. Da Djotodia ya sauka a Janairun 2014, aka shiga farautar Musulmi unguwa-unguwa. Manyan motoci suka riƙa kwasar mutane zuwa Kamaru da Chadi. Birnin da ke da Musulmi fiye da dubu 100 ya wayi gari da kimanin dubu 15, kusan dukansu a matse cikin wannan unguwa da aka sa wa suna saboda tazarar kilomita biyar da ke tsakaninta da tsakiyar gari. A 2015 jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Samantha Power, ta ce an rusa masallatai 417 daga cikin 436 da ke ƙasar.

A waɗannan shekarun tsallaka gadar Yakité ko gadar Jackson kasada ce ta rai. Gawa ma ba ta iya zuwa maƙabartar Musulmi da ke Boeing, sai da aka ƙulla yarjejeniya tsakanin unguwannin biyu a Fabrairun 2016. To inda mamaci bai samu hanya ba, ina ga ɗan makaranta? Malaman gwamnati, waɗanda akasarinsu a wasu unguwanni suke zaune, suka daina shigowa. Manyan makarantun sakandare kuwa a wajen unguwa suke. Binciken da UNICEF ta fitar a 2014 ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na makarantun ƙasar a rufe suke. Ziyarar da Fafaroma Francis ya kawo babban masallacin Koudoukou ranar 30 ga Nuwamba 2015 ta sassauta ƙawanyar, mutane suka fita suka raka shi har filin wasa, amma wuta ta sake tashi a Afrilun 2018 lokacin samamen da aka kira Sukula, ta kuma tashi a Disambar 2019.

Yi lissafi da kanka. Yaron da ya kamata ya shiga aji ɗaya a 2013 yau ya zama saurayi. Wasunsu ba su taɓa riƙe alƙalamin boko ba. Wasu sun yi karatu guntu-guntu a sansanin gudun hijira, sun dawo ba su da takardar da ke nuna ajin da suka kai. Wasu kuma, mu faɗi gaskiya, bindiga aka ba su kafin a ba su kaye. A taron Dandalin Bangui na Mayun 2015 ƙungiyoyin 'yan bindiga sun yi alkawarin sakin yaran da ke hannunsu, waɗanda UNICEF ta ƙiyasta tsakanin dubu 6 zuwa dubu 10 a faɗin ƙasar. Sakin yaro abu ɗaya ne. Zaunar da mai shekara goma sha biyar kusa da mai shekara bakwai yana koyon a, b, c wani abu ne daban. Kunya kaɗai ta isa ta kore shi.

Shi ya sa saurayin da na ziyarta ya raba ajinsa biyu ba tare da ya sanar ba. Ƙanana suna zuwa bayan la'asar. Manya suna zuwa bayan isha'i, da fitilar caji, su shigo ɗaya-ɗaya kamar masu zuwa hira. Da su ba ya fara da baƙaƙe. Yana farawa da abin da ke damun su: yadda za a karanta rasit, yadda za a rubuta bashin abokin ciniki, yadda za a gane saƙon da kamfanin waya ya turo bayan an aika kuɗi. Ya gaya mini cewa ɗan acaɓan da ya iya karanta takardar da ɗan sanda ya miƙa masa ba ya sake fashin zuwa.

Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan

Kada wani ya ɗauka matasan Kilomita Biyar ne suka ƙirƙiro koyarwa ba albashi. Rabin ilimin ƙasar nan a kan irin wannan kafaɗa ya daɗe yana tafiya. Tun shekarun 1980 da 1990, lokacin da gwamnati ta taƙaita ɗaukar ma'aikata, albashi ya riƙa maƙalewa watanni, yajin aiki ya cinye shekarun karatu sukutum, iyaye a ƙauyuka suka fara zaɓo wanda ya ɗan yi boko a cikinsu su tsayar da shi gaban aji. Shi ne ake kira maître-parent, malamin da iyaye suka ɗauka. Ladansa abin da aka tara ne: 'yan kuɗi kaɗan, kwanon rogo, ko a taya shi noma. A larduna da dama su ne mafi yawa a makarantun firamare har yau, domin malamin gwamnati da aka tura daji sai ya yi doguwar tafiya kafin ya samu bankin da zai karɓi albashinsa, wani in ya tafi sai bayan makonni.

Mu Hausawa ma ai ba baƙonmu ba ne. Wa ya taɓa yanka wa malamin allo albashi? Kuɗin Laraba ne, da tuwon sadaka, da ragon sauka in Allah ya kawo. Kakanninmu da suka biyo hanyar fatauci da ta shanu suka zauna a bakin kogin Ubangi tun zamanin Faransawa, da wannan tsarin suka riƙe karatun Alƙur'ani ba su jira kowa ba. Abin mamaki shi ne yadda muka yarda da shi a kan allo, amma in an zo kan boko sai mu naɗe hannu mu ce aikin gwamnati ne ko na Turawa. A Najeriya aƙalla akwai bautar ƙasa tun 1973, wadda ke tura masu digiri su koyar shekara guda ana ba su alawus. Nan babu wanda zai turo mana kowa.

Baƙin da ke zuwa da kyakkyawar niyya

Masu sa kai daga ƙetare sun daɗe da sanin ƙasar nan. Matasan Amurka na Peace Corps sun yi aiki a nan daga 1972 har 1996, lokacin da boren sojoji a zamanin Ange-Félix Patassé ya sa aka kwashe su. Sun koyar a makarantu, sun koya wa mutane kiwon kifi. Dattawan da suka yi karatu a hannunsu ba su cika tuna darasin ba. Abin da suke tunawa shi ne Baturen ya zauna shekara biyu a garinsu, ya iya Sango, ya ci abin da suke ci.

Zuwan yanzu daban ne, kuma ba duka laifin masu zuwan ba ne. Tun da aka sace wata Bafaranshiya mai aikin agaji, Claudia Priest, a Bangui a Janairun 2015, aka kuma yi ta kai wa ma'aikatan agaji hari a larduna, dokokin tsaro na ƙungiyoyi suka tsananta. Baƙo zai shigo unguwa a farar mota, da izinin ofishinsa, da ƙayyadadden lokaci, ya fita kafin rana ta karkata. Na taɓa halartar irin wannan ziyara a wata makaranta. An share fili tun jiya, an zaɓo yaran da ke da takalmi, aka yi waƙa, aka raba jakunkuna, aka ɗauki hotuna. Baƙin mutanen kirki ne, wallahi, ɗaya har da hawaye. Bayan awa biyu ƙura ta lafa. Littattafan da suka bari na koyon karatu ne masu hotunan dusar ƙanƙara da itacen tufa, an kulle su a kabad ɗin darakta don kada su yage. Ranar kuwa ba a yi darasi ba.

Ba ina cewa taimakon waje bai yi rana ba. Ya yi. Rumfunan karatu na wucin gadi da UNICEF da abokan aikinta suka kafa a sansanoni, har da babban sansanin filin jirgin M'Poko wanda a wani lokaci ya ɗauki mutum kusan dubu 100, sun hana dubban yara mance karatu ɗungurungum. Amma duba ka ga su wa suka tsaya a gaban allo a rumfunan nan: 'yan gudun hijirar ne da kansu, aka ɗan horar da su aka ba su alli. Kuɗi da tamfol daga waje suka zo, koyarwar kuwa ta 'yan gida ce. A ganina nan ne baƙo ya fi amfani. Malamar da ta ƙware a koyar da karatu, in ta zauna mako uku da matasa goma irin na zauren nan ta nuna musu yadda ake gane yaron da ya haddace shafi bai iya karanta shi ba, ta bar abin da zai daɗe. In ta karɓi ajin da kanta na mako uku, ba ta jin Sango balle Hausa, yaran za su so ta, su saba da ita, sannan ta tafi. Yaran da suka riga suka ga tafiyar uba, da ta maƙwabci, da ta malami, ba su buƙatar ƙarin mai tafiya.

Akwai kuma maganar amana, wadda ba a son faɗa a gaban baƙo. Iyayen unguwar nan ba su mance ba. A 2015 aka fallasa zargin cewa wasu sojojin ƙetare sun yi lalata da yara a sansanin M'Poko. Alƙalan Faransa sun rufe shari'ar a 2018 ba a hukunta kowa ba. A Agustan 2015 Amnesty International ta ba da rahoton yi wa wata yarinya 'yar shekara 12 fyaɗe yayin wani samame na dakarun MINUSCA a nan cikin PK5, washegari Ban Ki-moon ya sauke shugaban MINUSCA, Janar Babacar Gaye. Uwar da ta tambayi wane ne zai zauna da 'yarta, a wane ɗaki, ƙofa a buɗe ko a rufe, ba ƙauyanci take yi ba. Kuma tambayar ba ta tsaya kan baƙo kaɗai ba. Ɗan unguwa ma a yi masa ita, ko ɗan liman ne. Na lura a zauren nan ba a rufe ƙofa, kuma akwai wata dattijuwa maƙwabciya da kan zauna a bakin ƙofa tana tsinkar zogale har a tashi. Ba wanda ya naɗa ta. Iyayen 'yan mata dai sun ce in ba ta nan, 'ya'yansu ba za su zo ba.

Takardar da ta fi alli wuya

Da na tambayi saurayin abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya, na zaci zai ce littattafai. Sai ya buɗe bayan kayensa ya nuna mini jerin sunaye. Yaran da ba su da takardar haihuwa ne. Ba tare da ita ba, yaro zai iya zama a aji shekara shida, ya zo ajin CM2, ranar rajistar jarrabawar shiga sakandare a ce ya koma gida. Wasu an haife su a cikin ƙawanya lokacin da ba mai iya zuwa ofishin magajin gari. Wasu a hanya, ko a Kamaru, ko a Chadi. Wasu takardunsu sun ƙone tare da gidan. In wa'adin rajista ya wuce sai an bi ta kotu an samo hukuncin da ke maye gurbinta, wanda ake kira jugement supplétif, da shaidu, da kuɗi, da zirga-zirga. Ga kuma abin da kowane Musulmin ƙasar nan ya sani, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ma sun sha rubutawa: mai suna irin namu sau da yawa akan nemi ya kawo ƙarin hujjar cewa shi ɗan ƙasa ne, har da takardun iyaye, abin da ba a tambayar maƙwabcinsa.

Don haka rabin aikin sa kan ba a gaban allo ake yin sa ba. Safiya ce da za a bar shago a raka bazawarar da ba ta jin Faransanci zuwa ofis, a cike mata takarda, a zauna a benci har azahar, a ce a dawo jibi. Wannan aikin ba ya shiga hoto. Amma yaron da ya samu takardarsa ya samu abin da ba za a ƙwace masa ba ko malamin ya daina zuwa.

Wa zai riƙe malamin?

Zai kuwa daina zuwa, in ba a yi wani abu ba. Sa kai yana da iyaka, iyakarsa kuma ciki ne da aure. Daga cikin waɗanda suka fara wannan bitar tare da shi, ɗaya ya karɓi babur yana acaɓa, ɗaya ya bi hanyar Douala da manyan motoci, ɗaya ta yi aure mijin ya ce a'a. Wata ƙungiya ta taɓa ba su ɗan alawus na wasu watanni, da aikin ya ƙare kuɗin ya tsaya, kuma iyayen da a da suke ɗan kawo wani abu suka riga suka saba cewa Turawa na biya. Sai aka koma baya da inda aka fara.

A nan ne nake ganin manyan kasuwa suna da abin cewa. Shekara da shekaru 'yan kasuwar Kilomita Biyar suna biyan haraji ga ƙungiyoyin da suka kira kansu masu kare unguwa, irin ta Nimery Matar da aka fi sani da Force, kan kowane shago da kowace motar kaya. A Disambar 2019 suka ce ya isa, aka yi artabu, mutane da dama suka mutu, daga baya aka ayyana unguwar a matsayin wurin da ba a yarda da ɗaukar makami ba. Wato an san yadda ake tara kuɗi layi-layi a kasuwar nan, an kuma san ana iyawa. Kaso kaɗan na abin da ake bai wa mai bindiga a da zai riƙe malamai da yawa a wata. Muna gina bene, muna zuwa Umra, muna yanka shanu a walima, Allah ya karɓa. Amma yaron da ba ya lakwal ba ya bita, ai shi ne wanda mai bindiga na gaba zai fara yi wa magana.

Wani abu kuma da na gani da idona, ban yi zato ba: a cikin ƙananan akwai yara uku da ba Musulmi ba, daga ɓangaren Fatima suke tsallakowa, uwarsu tana sayar da ganye a kasuwa. Fatima fa, inda aka kai hari coci ranar 1 ga Mayu 2018 aka kashe mutane har da wani limamin coci, Albert Toungoumalé-Baba, aka kuma yi ramuwa a kan Musulmi a cikin gari. Marigayi Imam Omar Kobine Layama, da Kadinal Dieudonné Nzapalainga, da Fasto Nicolas Guérékoyamé-Gbangou sun zagaye duniya suna wa'azin zaman tare. A zauren nan ba wanda ya yi wa'azi. Uwar ta ji ana koyar da lissafi kyauta ne, ta tambaya ko ana karɓar nata, aka ce ta kawo su.

Da aka kira magariba yara suka naɗe tabarmi, ɗaya ya tattara guntayen alli ya mayar gwangwani. Malam ya ɗaga kai ya nuna mini inda kwanon rufin ya ɓule. Ya ce in damina ta kankama sai an matsar da allo zuwa wancan bangon. Sannan ya sake buɗe bayan kayen ya ja layi a kan suna ɗaya: takardar yarinyar ta fito ranar Talata. Saura goma sha ɗaya. Gobe da sassafe zai raka wata uwa kotu, in yayansa ya yarda ya tsare shagon.